Gatsen Malam Siddiƙu

Shekara ashirin da bakwai Malam Siddiƙu ya yi yana koyar da adabin Turanci a wata sakandare a Gwandu, kuma duk cikin adon maganar da ke manhaja babu wanda ya kai masa gatse daɗi. Kamantawa da siffantawa da kambamawa, waɗannan a allo yake zuba su yara su kwafa. Amma in aka zo kan abin da Turawa ke kira aironi, wato mutum ya faɗi magana yana nufin kishiyarta, sai ya ajiye alli, ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Malam Ashiru kira.

Malam Ashiru mutumin Kalgo ne, nahawu yake koyarwa a ajin da ke jikin nasa. Zai shigo yana kakkaɓe alli daga riga, Malam Siddiƙu ya nuna shi ya ce, "Yara, ku dubi wanga bawan Allah. Duk ƙasar Kabi babu kyakkyawa awa shi."

"Na gode," in ji Malam Ashiru. "Ku ko kun yi sa'ar malami marar surutu."

Aji ya ɓarke da dariya, darasi ya zauna daram. Abin da yaran ba su sani ba, haka mutanen nan biyu suke magana ko babu ɗalibi a kusa. Ranar da Delu, matar Malam Siddiƙu, ta rasu, da aka dawo daga maƙabarta jama'a suka watse, Malam Ashiru ya zauna kusa da shi a zaure ya ce, "Ni dai tahiyata zan yi, zama da kai ba daɗi." Kwana bakwai ya yi a zauren nan.

Da suka yi ritaya Malam Ashiru ya koma Kalgo, gida ya yi wa Malam Siddiƙu faɗi. 'Ya'yansa suna Birnin Kebbi da Kaduna, su bugo waya su ce ya jiki, ya ce da sauƙi, a rasa abin ƙarawa. Maƙwabta kuwa sun gama yanke masa hukunci, tsoho ne mai baƙar magana, a gaishe shi a wuce. Abu ɗaya ke riƙe masa mako: kowace Juma'a, da an sakko daga masallaci, wayarsa za ta yi ƙara.

"Har yanzu ba ka mutu ba?" in ji Malam Ashiru.

"Kai nika jira, ka san ba ni shiga gaban manya."

Su yi awa guda suna ta yanka wa juna magana, ya ajiye waya ya ci tuwonsa da marmari.

Wata Juma'a wayar ta yi shiru. Sai washegari Rumaisa, 'yar Malam Ashiru, ta kira ta ce hawan jini ya kayar da mahaifinta, ɓarin jikinsa ya shanye. Malam Siddiƙu ya ce gobe yana tafe. Goben nan sai da ta yi mako shida. Yau ruwa, gobe gwiwa, jibi ba mota. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya da ke jin yarensa, kuma ba ya son ya je ya tarar ba shi.

Ranar da ya daure, gero ya riga ya kai ƙirji a gonakin bakin hanya. Ya shiga motar Birnin Kebbi, ya canja ta Kalgo, ya iso hantsi ya dubi ludayi. Rumaisa ta tare shi a soro, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, kamin ku shiga," ta ce da ƙaramar murya. "Shina gane mutane, shina magana a hankali. Amma likita yac ce ciwon ya taɓa wani wuri cikin kai. Yanzu yadda aka hwaɗi magana, hakanan yaka ɗaukar ta. Ran nan Inna tac ce yunwa za ta kashe ta, yay yi ta kuka har sai da muka kawo abinci yag gani. Don Allah ku yi mishi magana a miƙe."

Malam Siddiƙu ya gyaɗa kai, har da cewa kada ta damu. Shi da ya koyar da abin shekara ashirin da bakwai, wa zai gaya masa bambanci?

Ya shiga ɗaki. Malam Ashiru na kwance a katifa, ya rame, gefen bakinsa ya karkace. Da ya ga mai shigowa idanunsa suka kawo haske.

"Siddiƙu," ya ce, harshe na ja masa.

Kuka ya taso wa Malam Siddiƙu. Amma bai yarda ya fito ba. Sai harshe ya bi hanyar da ya saba.

"Kai, ashe hutawarka kakai! Da na san haka da ban wahal da kaina ba. Ni ko kewarka ban yi ba."

Ya tsaya yana jiran a rama. Malam Ashiru ya dube shi ya daɗe, hasken idon ya koma.

"To," ya ce. "Ka yi haƙuri an wahalshe ka. Rumaisa, ba shi ruwa ya sha, ya koma."

Malam Siddiƙu ya zube a bakin katifa, gwiwar da yake ta kawo uzuri da ita ko gezau. Ya nemi magana miƙaƙƙiya, ya tarar ta fi buhun gero nauyi.

"Ashiru, na yi kewarka. Ba ni da kowa Gwandu in ba kai ba. Tsoro ne ya hana ni tahowa."

Tunda suke, bai taɓa gaya masa irin wannan ba. Malam Ashiru ya haɗa gira, kamar yadda yake yi in yana duba takardar jarrabawa.

"Ɗazu kac ce ba ka yi ba. Yanzu kac ce ka yi. Wace ta gaskiya?"

"Ta biyun."

"Ta hwarkon hwa?"

Malam Siddiƙu ya buɗe baki zai ce ai duka biyun magana ɗaya ce, sai ya tsaya. Wanda zai gane haka ba tare da bayani ba mutum ɗaya ne tak, kuma ciwo ya riga ya ɗauke shi, ya bar wannan da ke kwance yana jiran amsa. Kaɗaici ya rufe shi a nan, hannunsa na taɓa na amininsa.

"Ta hwarkon kuskure na yi," ya ce.

"To ka bar yin shi."

"Na bari."

Malam Ashiru ya gyaɗa kai, ya miƙo hannun da ke motsi ya riƙe masa yatsu. Malam Siddiƙu ya yi ta laluben abin faɗi, duk wadda ta zo bakinsa sai ya juya ta ya ga tana da ciki biyu, ya haɗiye.

"An yi ruwa Gwandu jiya," ya ce daga ƙarshe.

"Madalla," in ji Malam Ashiru.