Bangalon Bakin Kabo

Mijinyawa magini ne a Gammo. Saura wata biyu damina ta faɗi, dagaci ya aiko masa cewa za a gina wa Bature mai rangadi masauki a bakin Kabo, kuma da shi za a yi. Azarar soron matarsa Raliya ta riga ta tsage. Ya ce mata kwana goma ne, zai dawo ya gyara.

A wurin aikin ya tarar da Malam Jibirin tafinta, mutumin Gwarzo, riƙe da takardar zanen ginin.

"Malam, wane irin gida ne wannan, ba zaure ba katanga?" in ji Mijinyawa.

"Bangalo sunansa."

"Gida ke nan da Turanci?"

"Gida ne marar bene, mai rumfa a kewaye. Kalmar ma ba tasu ba ce. Bature ya ce a ƙasar Hindu suka samo ta, wani yanki da ake kira Bangal. Can manoma ke zama a irinsa da iyalansu."

"To nan wa zai zauna?"

"Shi kaɗai, sau biyu a shekara."

Kwana goma ya zama arba'in. Bature ya zo dubawa, ya ce rumfar ta yi ƙasa, a rushe a sake. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Mijinyawa ya roƙi tafinta ya nemo masa izinin kwana uku.

Malam Jibirin ya dawo yana kallon ƙasa. "Na faɗa masa, Baba. Ya ce sai an gama daɓe."

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba da la'asar, da iska mai ƙarfi. Washegari maƙwabcin Mijinyawa ya iso Kabo a ƙafa da labari. Soron ya rufta a kan Raliya da 'yarsu Umma suna cikin ɗaki. Kafin Mijinyawa ya kai Gammo an riga an rufe su.

Bai koma aikin ba, ba wanda kuma ya zo nemansa. Ya rabar da kayan gininsa, ya tafi Kutama wurin ƙanwarsa Hajaratu. Ta share masa ɗaki, ya ƙi shiga. Ya kafa bukkar kara a bayan gida, yana taya mijinta noma, ba ya magana sai an tambaye shi. A damina ta uku zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a cikin bukkar.