Hedimasta da Ginshiƙin Baranda

Hedimasta yana cikin zagaya igiyar shanya a ƙugunsa sai ga katafila ta shawo kwana, tana tafe tana tari. Ya yi sauri ya haɗa kansa da ginshiƙin katako na barandar gidansu, ya ƙulle, ya ƙara ƙulli a kan ƙulli, sannan ya gyara zaman tabaransa.

Gidan kakansu ne, shi ne na farko da aka yi wa rufin kwano a bakin kogin, tun zamanin da fatake ke zuwa da jiragen ruwa. Yanzu kogin ya cinye lambun, ya cinye katanga, ya fara lasar ɗakin girki. Hukuma ta ce a rushe kafin ya rufta da mutum. Mutumin kuwa ɗaya ne, yayarsa, wadda tun rasuwar mijinta take zaune a ciki ita kaɗai. Shi Hedimasta tun da ya yi ritaya yana can cikin gari a saman bene.

Yaya ta fito rungume da tukwane, ta dube shi sama da ƙasa.

"Auta, igiyata ce wannan?"

"Yaya, a gaban mutane ki daina ce mini Auta. Tarihi nake karewa."

"To in ka gama karewa ka nannaɗe mini ita, can ma zan yi shanya."

Injiniyar hukuma, wata matashiya mai hular kwano, ta matso ta gaishe shi da ladabi. Ta ce, "Baba, wannan ginshiƙin da ka zaɓa, gara ta gama da cikinsa. Da dai ka koma na kusa da shi."

"'Yata, wannan ginshiƙin ya girmi kakanki. Kin san wani babban baƙo daga ƙasar waje ya taɓa sauka a gidan nan?"

"Cikinsa ne ya murɗa," in ji Yaya daga bakin motar da ake loda kayanta. "Bayi ya nema. Ko ruwa bai sha ba."

Mai katafila ya kashe inji don ya ji da kyau. Hedimasta ya ga ya samu 'yan kallo, sai ya shiga jawabi irin na ranar rabon sakamako. Ya yi maganar gado, ya yi maganar 'yan baya. Yana cikin haka masu ɗaukar kaya suka wuce ta gabansa da gadon Yaya. Ƙafafun gadon sun ruɓe har rabi, ga shatin ruwa a jikin katifar. Bayansu wani na ɗauke da bulullukan da take ɗora gadon a kai duk damina. Hedimasta ya bi su da kallo, sannan ya yi gyaran murya ya ci gaba, don bai saba barin jimla a rabi ba.

Hadarin da ke haɗuwa tun hantsi bai jira ya kai aya ba. Iska ta taso daga kogi, ruwa ya kece. Kowa ya ruga ƙarƙashin tamfol ɗin motar kaya. Kwanon baranda ya fara ɗagawa yana komawa, ruwan tsakar gida ya biyo ta ƙofa ya rufe masa takalmi.

Ya kai hannu baya zai kwance. Igiya ta jiƙe, ƙulli ya ƙara cijewa.

"Yaya, ko akwai wuƙa kusa?"

"Tana cikin akwati, akwatin yana ƙarƙashin gado a cikin mota. Ka ce tarihi ya kwance ka."

Duk da haka ya ga ta yunƙuro za ta sauko cikin ruwan, da ciwon gwiwarta. Wannan ne ya sa ya tattara ƙarfinsa ya fizga gaba. Igiya ba ta tsinke ba. Ginshiƙin ne ya ce ƙaras, ya biyo shi. Haka ya tsallaka fili a guje, ginshiƙi goye a baya, baranda na durƙusawa a hankali a inda ya baro.

Ba wanda ya yi dariya sai da aka tabbatar lafiyarsa ƙalau. Daga nan mai katafila ya tsuguna yana riƙe ciki.

"Baba, ka rage mini aiki. In ka koma ka ɗaure a bango, sai in tafi gida."

Da ruwa ya tsagaita, har lokacin ba a samu wuƙar yanke igiyar ba. Injiniya ta zo ta tsaya gabansa tana jiran amincewarsa. Ya dubi gidan, ya dubi ƙafafun Yaya da suka kumbura. Ya gyaɗa kai.

Katafila ta ɗora hannu a bangon ɗakin mahaifiyarsu, bangon ya kwanta ba gardama. Yaya, wadda tun safe take azalzalar kowa a yi a gama, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Ta lalubo abin jingina, hannunta ya faɗa kan ginshiƙin da ke bayan ƙaninta, ta sake masa nauyinta duka.

Gara na yawo a wuyan Hedimasta, tana gangarawa cikin rigarsa. Ya cije leɓe, ya kafe ƙafafunsa a laka, bai motsa ba.