Uwar Bindiga

…kuma wai wannan ce bindigar. Wannan ɗan guntun ƙarfen mara nauyi, duk ramuka, da Twila take ta juyawa a kan teburin kicin tun dawowarta daga gari. Ba bututu, ba gindi, ba kunama. Ko ɓera ba zai firgita da shi ba. Amma shi hukuma take kira bindiga, shi ne mai lamba, saboda shi aka karɓi katin shaidarta aka duba ko ta taɓa yin wata ta'asa — ita Twila, da ta yi furfura tana bin bayan tumaki. Sauran kayan kuwa, waɗanda su ne ainihin masu kisan, ɗan gidan waya ne zai ajiye mata su a bakin ƙofa kamar takalmi.

"Uwar bindiga ke nan, 'yata," in ji Kawu Doyle mai shago ɗazu, abokin Baba tun na ƙuruciya, kuncinsa cike da taba. "Sauran duk 'ya'ya ne. Ki zare ƙusa biyu, ki sauke na sama, ki ɗora wani, shi ke nan ta zama wata bindigar. Amma ta farko guda ake haɗawa, hannu ya saba tukuna. Dogon bututu ko gajere? Ki bugo mini kafin in rufe shago, yau nake aikawa a kawo kaya."

Dogo na daji. Gajere na cikin gida.

Dogo… dogo mana. Wannan ma abin tsayawa tunani ne? Dilolin nan a tsallaken rafi suke tsayawa suna kallonta, sun san iyakar inda bindigar da take arowa wurin maƙwabci take kaiwa, har zama suke yi suna sosa kunne. Da safen nan ma ɗan rago guda, wanda uwarsa ta ƙi, wanda ta yi ta ba madara a kwalba — kai da ƙafafu kawai suka bar mata. Ga barewa idan lokacin farauta ya zo, a cika firji, a shanya kilishi. Dogo, da madubin hange a sama, da gindi mai matsowa saboda hannunta gajere ne. To me ya hana ta faɗa tun a shagon?

"Me za ki yi da ita?" Kawu Doyle ke nan, a shagon. Ta ce farauta da tsaro. "Kowa haka yake ce mini. Farautar na gane. Tsaro daga wa? Gidan naku ko fasto sai ya ɓata hanya kafin ya same shi." Ya yi dariya har da tari. Tsoho sai shegen surutu. Ina ruwansa?

Aro… ita ce da aron bindiga. A gidan da akwatin ƙarfen Baba yake tsaye a lungun can, ya fi mutum tsawo, cike da su, kowace da sunanta. Har yanzu ga sawun ƙafafunsa a katakon daɓe, ta goge ta goge, ya ƙi fita. Ranar da aka binne Baba, mata suna kicin ɗin nan suna zuba wake da burodin masara, maza suka tuɓe kwat suka kinkimi akwatin zuwa motar Burl. Ba wanda ya tambaye ta. Me za a tambaya? Bindigogi na ɗa namiji ne, kwanuka da barguna na 'ya mace, haka aka yi wa Mama, haka aka yi wa uwar Mama. Ita ce ma ta riƙe musu ƙofa. Da hannunta. Ta ce su yi a hankali kada su gogi bango.

Burl. Ƙaninta, autan Mama, wanda ita Twila ta goya. Yana can birnin Dallas yana sayar da na'urar sanyaya ɗaki, tafin hannunsa ya yi laushi. Bindigogin an jera su a bangon falo, an kunna musu fitila, baƙi suna zuwa suna yabawa. Har da 'yar ja-ja mai gindin katako, wadda Baba yake naɗewa cikin koren bargonsa na soja ya tura bayan kujerar a-kori-kura. Ita kaɗai ta so. Guda ɗaya tak. Da ta buɗe baki ta roƙa… a'a. Abin da yake naka ba ka roƙonsa. Ta ci gaba da zuba wake.

Kofin nan ya huce. Tater, tsohon karenta, yana kwance a bakin ƙofa yana mafarki, ƙafarsa tana motsi.

Gajere kuma fa? Ba don komai ba, don a duba kawai. Mace ita kaɗai, gida a ƙarshen hanya, ɗan sanda kafin ya iso an gama abin da za a yi. Gajere ya fi saurin juyawa. Daga ɗakin kwana zuwa falo akwai lungu matsattse, dogo zai daki bango a kwana. Ta auna ɗazu da sandar tsintsiya — Twila, babbar mace, tana raɓe-raɓe a gidanta da tsintsiya a kafaɗa. Fitila a ƙasan bututu. Kunama mai ɗan tauri, in ji Kawu Doyle, don kada tsoro ya ja ta kafin mai ita ta yi niyya. Sai ta tsaya nan, bayan firji. Ƙofa ta buɗe. Mutum ya shigo, ya goge takalminsa a tabarmar bakin ƙofa, ya rataye hularsa a ƙusa…

Wane ɓarawo ne yake rataye hula?

Kai, tunanin banza. Dogo. Dogo za ta ce.

"Yaya, zan shigo da yamma, akwai maganar da nake so mu yi." Burl ke nan, jiya, a waya, da muryar nan tasa ta lallashi da yake sayar wa mutane sanyi da ita. Magana. Ta san maganar. Tun bara mutanen birni suke zagaye, masu sayen gonaki su kewaye da doguwar waya, su zuba namun dajin da aka kawo daga wata ƙasa, attajirai su zo su harba daga kan kujera suna shan abin sha. Rabin gonar nasa ne. Rabin da rijiyar take ciki. Baba ya raba daidai wa daida, wai don kada a yi rigima — daidai! Wanda ya zauna da wanda ya tafi. Wadda ta yi ta juya Baba a kan gado tana wanke shi, da wanda yake zuwa ranar Kirsimeti da kwalin alewa. In rijiya ta tafi tumaki sun tafi. In tumaki sun tafi ita kuma mece ce? Tsohuwa a ɗakin haya a gari, da kwanukan Mama da barguna.

Sanyin safiya, hancinta yana zuba. Tana 'yar yarinya, Burl bai kai kafaɗarta ba. Suna kwance a bayan dutse a bakin rafi, Baba ya ba shi 'yar ja-jar ya zagaya can ƙasa don ya koro musu barewa. Ita an zo da ita ne ta riƙe kwalbar kofi. Ga barewar ta fito, namiji, ƙaho reshe-reshe, tana shaƙar iska. Burl ya ɗaga bindigar, ya auna… ya runtse ido. "Yaya, ba zan iya ba. Kallona take yi." Ta karɓa. Ba ta ma yi tunani ba. Gindin ya zauna a kafaɗarta kamar dama can wurinsa ne, ta sauke numfashi, ta ja. Barewar ta durƙusa a inda take.

Baba, ka gani ai. Kada ka ce ba ka gani ba. Ka hau tudun da gudu kana haki, bindigar tana hannuna, ba a ƙasa ba, ba a hannunsa ba. Ka dube ni, ka dube shi. Ka durƙusa ka tsoma yatsu biyu a jinin, yadda ake yi wa duk yaron da ya kashe barewarsa ta farko, yadda kakanmu ya yi maka, ka taso — na miƙo fuskata, Baba. Har na ɗaga haɓa. Ka wuce ni ka shafa a kumatun Burl, dama da hagu. "Yau ka zama namiji." Ni kuma ka ce in miƙo kofi.

Hoton yana nan a bangon shagon Kawu Doyle har gobe, cikin na sauran yaran gari. Burl da jini a kumatu, riƙe da ƙaho. A gefe ana ganin rabin hannun wata, da kwalba. Ɗazu ma a ƙarƙashinsa ta tsaya ta sa hannu a takardar uwar bindigarta. Kuma Burl bai taɓa faɗin gaskiyar ba. Shekara da shekaru, a teburin nan, Baba yana ba baƙi labarin harbin Burl, tun daga tsallaken rafi, harsashi ɗaya, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Kalma ɗaya ta gagare shi. Matsoraci. Tun yana yaro matsoraci ne, ya girma ya zama matsoraci mai kwat.

Ta tsane shi? Kai… wa yake tsanar wanda ya goya? Haushi ne kawai. Haushin da ya daɗe har ya yi tsami.

To wannan tata ce. Ba ta gado ba, ba ta aro ba. Kowace ƙusa ita za ta sa, kowane sifirin ita za ta danna, in ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin firji ita za ta rarrafa ta nemo. Ba wanda zai zo da kwat ya kinkime ta. Ba hannun da ya taɓa riƙe ta, ba labarin kowa a jikinta. Wayam, kamar ramukan nan. Duk abin da ta ɗora mata shi za ta zama, haka Kawu Doyle ya ce, ita uwar ba ruwanta, ba ta san barewa ba, ba ta san mutum ba.

A sake dubawa, sau ɗaya. Bayan firji. Ƙofa ta buɗe. Ina Tater? Karen da ko ɗan gidan waya ba ya bari ya sauko daga mota. Duk lokacin da ta shirya abin nan a ranta, tun daga ranar da ta fara — me ya sa karen ba ya haushi? Yana nan a bakin ƙofa, yana kaɗa wutsiya, yana shinshinar gwiwar mutumin. Mutumin kuma bai ƙwanƙwasa ba. Ya san ƙofar tana cijewa, ya san sai an ɗaga ta kaɗan.

Rana ta karkata, ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan teburin. Shago ya kusa rufewa. Ta jawo waya ta danna, tana ƙara, tana ƙara…

Ƙarar mota a kan tsakuwa. Tater ya miƙe. Ya ɗaga kunne, ya tura ƙofar raga ta gefe da hanci ya fita. Ko gurnani babu.

Burl ne, shi kaɗai. Ba mai awon fili, ba mutumin birni. Yaushe ya yi furfura haka? Yana saukowa da ƙyar, ƙafar hagu tukuna, hannu a ƙugu — tafiyar Baba sak. Ya sunkuya yana shafa kan karen. Ya buɗe ƙofar baya ta motar, ya jawo wani abu dogo, ya rungumo shi da hannu biyu. Naɗe cikin koren bargo.

Bargon nan. A bayan a-kori-kura, ranar, suna komawa gida, barewar a ƙafafunsu, iska tana yankan kunne. Baba ya jefo musu shi su lulluɓa. Ta juya masa baya, ta ƙi kallonsa. Sai ta ji ɗan hannunsa a ƙarƙashin bargon yana laluben nata. Ya lakato jinin daga kuncinsa, wanda hawaye ya jiƙa, ya shafa mata a bayan hannu. "Naki ne, Yaya." A hankali, don kada Baba ya ji ta tagar baya. Ta fizge hannunta ta goge a wando… Ina wannan ya shige duk shekarun nan? Wa ya ɓoye mata shi?

Kawo mata 'yar ja-jar ya yi? Ko kuɗin rijiya ke nan — ga taki, sa hannu a nan? Ta yaya za ta sani? Fuskarsa ba ta faɗin komai, kallon matakala yake yi, yana hawa ɗaya bayan ɗaya.

"Halo? Twila? 'Yata, ke ce? Ina riƙe da makulli fa. Dogo ko gajere?"

Waya a hannun hagu. Na dama kuma… ta duba. Uwar bindigar tana cikin tafinta, ta ɗago ta daga kan tebur ba ta san yaushe ba, gabanta yana kallon ƙofa. Ɗan yatsanta yana cikin ramin da kunama za ta zauna. Ya lanƙwashe. Ya kai har ƙarshe, ya matse, gaɓar ta yi fari. Tun yaushe yake ja?

Ƙofar ta cije. Ya ɗaga ta kaɗan.

"Yaya?"

Ta gaji. Wayyo, ta gaji… yatsan kuma ya ƙi miƙewa.