Ranar da Na Sauka Daga Sarautar Kabeji

Ni na ja amalanken tun daga bakin coci, don sarki mai barin gado shi ke ja. Kwalaben barasa sai ƙara suke a ciki. Ƙasa ta daskare ƙam, ciyawar gefen hanya ta yi fari fat. Mu goma sha huɗu ne, tsofaffin ma'aikatan kamfanin madarar da aka rufe, kowa da ɗan kofin barasarsa rataye a wuya.

Duk Fabrairu muke wannan tattaki. A ratsa gonaki cikin sanyi, a yada zango a mashaya biyu, a ƙare da cin dafaffen kabeji da naman alade. A wurin cin ake rataya wa mutum ɗaya sarƙar Sarkin Kabeji, shi zai shirya tafiyar baɗi. Ba mai son wannan sarauta. Bara suka maƙala mini ita saboda ba ni da bakin musu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ban taɓa shekara mai daɗinta ba. Ni da wayata kan yi mako biyu ba ta yi ƙara ba, sai ga shi ana kirana ba dare ba rana. Gesche, wadda muka yi aiki a ɓangaren cuku tare, sau uku tana zuwa gidana da kek don mu zaɓi mashaya. Hinnerk, tsohon direban tankarmu, ya zo muka zaga hanyar da ƙafa. Da gangan na riƙa barin wasu abubuwa ba a yanke ba, don a sake kirana a tambaya. Abin kunya ne ga mai shekara sittin da takwas, amma haka na yi.

Don haka na zo da dabarata. In an zo naɗi kowa ya fara noƙewa kamar kullum, sai in yi ajiyar zuciya in ce, to, bari in sake ɗauka.

A mashayar farko muka cire safar hannu muka kewaye murhu. Hinnerk ya dafa kafaɗata.

"Ranka ya daɗe, ya mulki? Duk ka rame."

"Kai dai bari," na ce. "Ba barci, ba hutu. Wannan ya ce ba ya cin alade, waccan ta ce gwiwarta. Kun kusa kashe ni."

Aka yi dariya. Haka kowane sarki ke faɗi, ni ma haka na yi ta faɗi duk shekara. In ba ka yi ƙorafi ba sai a ce kana jin daɗi, kuma wa zai yarda ya ce yana jin daɗin a dame shi?

Muka sake fita. Hanyar ta bi gefen magudanar ruwa da ta zama ƙanƙara, ba kowa sai hankaki. Su suna gaba bibbiyu, ana hirar jikoki da farashin man ɗumama gida. Ni ina baya da amalanke, ƙafarsa ɗaya na kuka. In an zo mararraba sai su tsaya, in tsiyaya wa kowa, a kurɓa, su wuce. Hancina ya mutu don sanyi. Kaɗaici ya kama ni sosai a wannan miƙaƙƙiyar hanya, ga su kuwa taku goma kacal a gabana.

A mashaya ta biyu na dawo daga banɗaki na tarar da Gesche da Hinnerk da wasu uku sun haɗa kai suna ƙus-ƙus. Suna ganina suka yi shiru. Murna ta kama ni. Na ce a raina, ai shi ke nan, shawara suke su roƙe ni in zarce. Har na fara shirya yadda zan ɗan ja aji kafin in yarda.

Rana na shirin faɗuwa muka isa gidan abincin. Aka kawo kabeji yana tururi, aka ci aka yi nak. Na miƙe, na cire sarƙar daga wuyana, na gyara murya.

"Zauna tukuna, Folkert," in ji Gesche. Ta tashi riƙe da kofinta. "Shekara guda muna jin kukan bawan Allahn nan. Shi kaɗai yake a gida, ba mai taya shi, mu kuma ko kunya babu muna ta buga masa waya. Mun yi magana a tsakaninmu. Bana ba ja-in-ja. Hinnerk ya yarda zai karɓa."

"Dole aka yi mini," in ji Hinnerk, ya miƙo wuya. "Sa mini, mutumina, kafin in canza ra'ayi."

Aka ɗauki tafi. Na duba fuskokinsu, duk ƙauna ce a ciki, ba mugunta ko ɗaya. Kalma ɗaya ta isa a bar mini sarautar, amma ta yaya zan ce duk kukan nan ƙarya nake yi? Na rataya masa sarƙar. Na koma kujerata.

Da muka fito ana neman riguna, na matsa kusa da shi.

"In kana son wanda zai taya ka duba hanya, ai na san ta."

"Haba, wace irin magana," ya ce, yana ɗaure maɓallin rigata na sama kamar ƙaninsa. "Mun yi wa Gesche alkawari, ba wanda zai sake damunka. Ni da matata za mu yi komai. Kai dai ka je ka huta, za ka ji daga gare ni a Janairu, in tafiyar baɗi ta matso."

Na ce na gode. Ranar takwas ga Fabrairu ce.