Gwajin Alhaji Ya'akubu

Alhaji Ya'akubu dillali ne a Kasuwar Shanu. Ya haura hamsin da biyar lokacin da ya auri Lauratu, bayan ya daɗe da rasa matarsa ta farko. Ita ma mijinta rasuwa ya yi, ya bar ta da 'ya'ya biyu. Sau biyu tana samun ciki a gidan Alhaji a unguwar Fezzan, duka suka zube.

Yayarsa Ya Gana ta taso daga garin Khaddamari da ƙullin saiwoyi.

"Ki jiƙa ki sha," ta ce wa Lauratu. "Ƙanina dai lafiyarsa ƙalau, ga 'ya'yansa nan har da gemu."

Da ta tafi, Lauratu ta ce, "Alhaji, ni ma fa na haihu. An duba ni ba a ga komai ba. Kai ne ba a taɓa dubawa ba."

Ya yi dariya. "Namiji yana tsufa a wannan fannin ne? To mu je, don hankalinki ya kwanta."

A asibiti aka gwada maniyyinsa da jininsa. Dakta Rhoda ta zaunar da su ta tambaye shi shekarun autansa.

"Ashirin da uku."

"To Alhaji, jikinka na wancan lokacin daban ne da na yanzu. Ƙwayoyin haihuwarka suna nan, amma da yawa ba sa motsi sosai. Shekarun namiji suna rage ingancinsu, har sukan ƙara yiwuwar ɓari. Ban ce su kaɗai ne dalili ba. Sukarinka ma ya hau."

 Alhaji ya gyara hula ya ce, "Shekaru dai ba zan iya rage su ba. Me ya rage a hannuna?"

Ta faɗa masa. Daga ranar ya bar sigari, ya koma shan shayi babu sukari, ya riƙe magani. Da abokan kasuwa suka tsokane shi, ya gaya musu dalili ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya Gana ma da kansa ya kira ta.

"Yaya, a bar Lauratu ta huta. Ni ake yi wa magani."

Sai da shekara ta zagayo da 'yan watanni Lauratu ta sake samun ciki. Wannan ya zauna. Ta haifi mace, aka sa mata Khairat.