Ranar da Kunne Ya Sayar da Mikisarsa

Kunne yana tsugune yana ɓamɓare soson da ke tare ƙara daga jikin bango lokacin da wayarsa ta fara ruri a kan tebur. Bai tashi ba. Tun safe duk wanda ya kira shi jaje yake yi masa, kamar wanda aka yi wa rasuwa, shi kuwa ya gaji da amsa gaisuwa.

Mawaƙa ne suka laƙaba masa wannan suna, don in murya ta kauce wa kiɗa ko da ƙiris ne, sai ka ga ya ɗaga yatsa ya ce a sake. Situdiyonsa ɗaki biyu ne a saman shagon masu facin taya: ƙaramin ɗakin da mawaƙi ke tsayawa gaban makirufo, da babban ɗakin da shi ke zama yana kallonsa ta gilashi. A nan ya cinye ƙuruciyarsa. Yau kuwa teburin fayau yake, sai alamar inda ƙura ba ta taɓa sauka ba. Nan ne mazaunin mikisarsa, babbar na'urar nan mai maɓallai jere-jere da ke haɗa murya da kiɗa. Da sassafe wani mai sayar da lasifika ya turo mota aka sauke ta.

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ruri. Ya goge hannu a wando ya ɗauka.

"Da mai situdiyon saman shagon faci nake magana?" Muryar mace ce, mai natsuwa.

"Shi ne."

"Daga Asusun Tallafa wa Ƙananan Situdiyo nake kira. Ka nemi tallafi a wurinmu bara. Ka yi haƙuri da jinkiri, masu nema sun yi yawa. Kwamiti ya amince da naka."

Kunne ya laluba kujera ya zauna. Matar ta ci gaba da bayani: asusun zai ɗauki nauyin hayar wurin, a sa masa wutar sola, a ba shi sabuwar kwamfuta, sannan a riƙa biyan kuɗin ɗaukar waƙoƙin mawaƙan da ba su da kamfani a bayansu. Yana ji yana gyaɗa kai, ya manta ba ta ganinsa.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Gobe da safe za mu zo mu duba. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Mu dai ga situdiyon yana aiki, kayan da ka ce kana da su suna nan."

Ya dubi teburin, ya dubi bangon da ya yi wa sanƙo rabi.

"Allah ya kawo ku lafiya," ya ce.

Da ta kashe, ya kira matarsa. Tana kantin maganin da take aiki, yana jin hayaniyar masu saye a bayanta. Ya zayyana mata komai a numfashi ɗaya.

"Alhamdu lillahi," ta ce a hankali. "To Baban Auta, mene ne na rawar murya?"

"Ba ki ji ba ne? Mikisar ta tafi. Ita ce situdiyon. In suka zo suka tarar da tebur, tebur za su ba tallafi?"

"Ka taɓa kuɗin da mai lasifikar ya ba ka?"

"Ko sisi."

"To me kake zaune yi? Tashi ka bi shi."

Abin ya ɗan ba shi haushi, yadda take magana kamar takalmi ya manta a gidan maƙwabci. Amma ya ja ƙofa ya sauko, ya tsallake tayoyin da aka baza a bakin matakala, ya tare bas.

Bas ɗin a cike take, ya tsaya riƙe da ƙarfe, hammatar wani a kan hancinsa. Ya yi ta kiran Mai-lasifika, waya na shiga ba a ɗauka. Ya san sana'ar mutumin sarai: tsohuwar na'ura in ta shiga shagonsa ba ta kwana da rai. Kwance ta ake yi a sayar da kayan cikinta ɗai-ɗai, ƙarfen kuma a auna a kilo.

Ba da son ransa ya sayar ba. Aiki ne ya ja baya, samari sun koma ɗaukar waƙa da waya a ɗakin kwanansu, masu zuwa wurinsa kuma galibi masu murya ne marasa aljihu. Shiru ya yi yawa daga asusun har ya cire rai. Yayan matarsa, mai kantin kayan gini, ya daɗe yana ce masa ya bar wannan hayaniya ya zo ya kama aikin mutane. Duk haɗuwar dangi sai Yaya ya tambaye shi, a gaban kowa, ko har yanzu ana biyansa ya saurari ihu. Ƙarshe Kunne ya haɗiye girman kai ya ce zai zo. Farkon mako mai zuwa ya kamata ya fara zama bayan kanta yana ƙirga buhunan siminti.

A layin masu kayan lantarki kowane shago da irin kiɗan da yake saki, ga ƙarar janareta. Shagon Mai-lasifika na can ƙarshe. Tun daga bakin ƙofa Kunne ya hango wata na'ura a kan benci an farke mata ciki, wayoyi ja da shuɗi sun zubo waje. Sai da ya matsa ya ga maɓallanta baƙaƙe ne, na tasa kuwa masu ruwan toka ne. Ya saki numfashi, ya dafa bango.

Mai-lasifika, wani ƙaton mutum mai tabarau a goshi, yana zaune yana kaɗa shayi.

"Kunne, lafiya? Ko ka manta wani abu a cikinta?"

"Ita na zo mayarwa. Ga kuɗinka yadda ka ba ni."

"Ai ciniki ya faɗa. Kai ba baƙon kasuwa ba ne."

"Na sani. Zan ɗora maka riba, faɗi abin da kake so." Ya ba shi labarin kiran da aka yi masa, da masu zuwa gobe.

Mutumin ya kurɓi shayi, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe ya ce ya biyo shi. Suka ratsa tsakanin lasifikoki da suka kai rufi, har wani ɗaki a baya. Can a kan shiryayye ga mikisar, an lulluɓe ta da bargo, ba a ɗora mata komai ba. Kunne ya ɗaga gefen bargon ya shafa maɓallan. Ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

"Ka gan ta," in ji Mai-lasifika. "Amma ba ni da ikon ba ka. Ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni."

"Ajiyar wa?"

"Yayan matarka, mai kayan gini. Washegarin ranar da ka fara yi min maganar sayarwa ya zo nan. Ya ce in saya, kar in nemi ragi, kuɗi daga aljihunsa. Ya ce in adana ta, in ma'aikatana suka sa mata sukudireba ni da shi ne. Ya kuma ce kar ka sani. To ni yanzu ka sa ni tsaka mai wuya. Kira shi ku ƙare."

Kunne ya tsaya baki buɗe. Sai yanzu ya gane dalilin da matarsa ba ta girgiza ba a waya. Ya zauna a kan wata lasifika, dariya na son kama shi, idonsa kuma yana yi masa yaji. Mai-lasifika ya zuba masa shayi ya miƙa masa.

Yaya ya iso da motarsa ta ɗaukar kaya, hular kwano a kan kujerar gefe, ƙurar siminti har gira. Ya shigo yana harara, ba Kunne ba, Mai-lasifika.

"Kai dai bakinka rariya ne."

"Ranka ya daɗe, mutum ya zo zai suma min a shago."

Kunne ya miƙe. "Yaya, ban san da wane baki zan..."

"Kar ka fara." Yaya ya ɗaga hannu. "Ba don kai na yi ba. Ƙanwata ce ta hana ni sakat, kullum waya, wai in ka rabu da akwatin nan za ka zama gawa mai tafiya. Sannan na zauna na yi tunani. Mutumin da bai san bambancin ƙusa da noti ba, shi zan ajiye a kantina? In biya ka albashi kana kore min masu saye da wannan fuskar taka ta jana'iza? Gara in sayi akwati, shi ba ya cin abinci."

"Duk da haka, Yaya, na gode."

"Na ce ma kar ka fara. Wane ne ma zai ba ka tallafin? Suna da hankali kuwa?"

"Da alama."

"To Allah ya sa kar su dawo hayyacinsu kafin gobe. Kama can mu ɗaga."

Kunne ya miƙa masa kuɗin. Yaya ya cusa su a aljihu ko kallo bai yi ba. Suka ɗora mikisar a bayan mota, Kunne ya hau ya zauna kusa da ita ya rungume ta saboda ramuka. Iska na dukan fuskarsa, sai a lokacin ya ji yunwa, ya tuna ko karyawa bai yi ba. Daga nan bayan motar ya kira mai gidan hayar ya ce ya fasa tashi. Mai gida ya ce dama bai samu wanda zai iya zama saman masu faci ba.

Da la'asar suka iso. Matarsa ta riga su, ta taso daga aiki da rigar kantin a jikinta, ta kuma kira Tela, wata mata mai ɗinki da ke da murya kamar a sace, wadda waƙoƙinta suka tsaya rabi saboda rashin kuɗin ƙarasawa. Sun sayo gam suna mayar da soson bango.

"Ashe da ke aka ƙulla," Kunne ya ce wa matarsa.

"Ni me na sani? Ni magani nake sayarwa." Ta ci gaba da shafa gam, tana danne murmushi.

Hawa da mikisar ta matakala ya fi saukar da ita wuya. Yaya na gaba yana ja da baya, yana mita cewa ko buhun siminti ya fi wannan abu mutunci, masu faci biyu na tallafe daga ƙasa. Da ta zauna a mazauninta, Kunne ya shiga ƙarƙashin tebur yana mayar da wayoyi, kowacce a raminta, ba tare da ya duba ba. Ya danna maɓalli. Ƙananan fitilu kore suka kama ɗaya bayan ɗaya.

Tela ta ajiye gwangwanin gam. "Malam Kunne, da gaske ne abin da Anti ta ce? Wai su za su biya na ƙarasa waƙoƙina?"

"Ke ce ta farko, in Allah ya kai mu."

Ta juya ta fuskanci bango, ta daɗe tana danna soso ɗaya da ya riga ya manne.

Saura gwaji. Hannun Tela duk gam ne, matarsa ma haka. Kunne ya dubi Yaya, wanda ke tsaye yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, taimaka ka shiga ɗakin can ka yi magana a makirufo. In ji ko sauti na fita."

"Ni? Me zan ce?"

"Ko me. Abin da ka saba faɗa."

Yaya ya shiga yana gunaguni. Kunne ya bi shi ya sa masa abin sauraro a kunnuwa, ya ja ƙofa ya rufe, ya koma kujerarsa. Ta gilashi suna kallon babban mutum ya tsaya ƙiƙam gaban makirufo, hannu a baya, kamar ɗan makaranta da aka kira gaban aji. Ya yi gyaran murya.

"To. Siminti ya tashi. Rodi ma ya tashi. Ba ma ba da bashi. Wanda ya ga da tsada ya je gaba ya tambaya." Ya tsaya. "Ya isa?"

Kunne ya ɗaga masa babban yatsa, sannan ya mayar masa da abin da ya ɗauka. Muryar ta fito tas, ta cika ɗakin, da kaushinta da faɗanta, har da ɗan tsakin da ya yi a ƙarshe bai sani ba. Yaya ya dafe abin sauraron da hannu biyu. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ta canja.

"Wane ne wannan?" ya tambaya.

"Kai ne, Yaya."

"Haka muryata take? Haka nake yi wa mutane magana?"

Ƙanwarsa ta matso ta sunkuya kan ƙaramin makirufon da ke gaban Kunne.

"Haka muke jin ta tun muna yara, Yaya."

Tela ta toshe baki da gwiwar hannu. Yaya ya kalli makirufon. Can ya gyara tsayuwa, ya sassauta kafaɗu.

"Goge wannan," ya ce. "A sake."