Aikin Golmo na Ranar Talata

Japhet yana shekararsa ta ƙarshe ta golmo a gonar uban Leah, noman da saurayi ke yi wa uban yarinya kafin a ba shi ita, lokacin da dawa ta fara kiran sunansa. In iska ta ratsa kara sai ya ji an ce "Japhet", ya ɗago, ba kowa. Ya san ba kowa. Duk da haka wani lokaci sai ya amsa.

Barci ya ƙaurace masa, ya daina zuwa waƙa a coci. Haka ƙanen babansa ya fara, ga shi yanzu a bakin kasuwar Zuru yana ba motoci hannu ba wanda ya sa shi.

Uwarsa ta ce, "Ka riƙe bakinka har a yi biki. In gidan su Leah suka ji ka je asibiti da wannan zance, gumin da ka zuba ya tafi a banza."

Ya riƙe.

Uban Leah, Baba Solomon, tsohon soja ne da ya dawo daga Laberiya da ciwon gwiwa. Kan kututture yake zama a bakin gona yana kallon masu aiki, ba ya yabo. Ranar Talata Japhet ya iso da garma, tsohon ya ce, "Ajiye. Aikin yau kai ni asibiti. Ga babur can, Jincheng."

Mai golmo ba ya musu da suruki. Ya tuƙa.

Da layi ya zo kansu a asibiti, Baba Solomon ya tura shi kan kujerar da ke gaban likita, shi ya tsaya da sandarsa.

"Baba, gwiwarka ce muka kawo."

"Gwiwata ta saba. Likita, yaron nan yana amsa wa dawata sallama. Wani kofur ɗinmu haka ya fara a Monrobiya, muka yi ta dariya har dariya ta ƙare."

Japhet ya dubi ƙofa. Tsohon ne tsaye a bakinta. Sai ya faɗi komai, har da ƙanen babansa. Likita ya ce abin bai kama shi ba tukuna, kuma ba lalle ya kama ba, amma ya riƙa zuwa duk Talata ana duba shi, ya samu barci, ya bar burkutu.

A hanyar komawa, da suka wuce tasha, Japhet ya ɗan waiwayo.

"Baba, maganar Leah fa?"

"Me ya sami Leah?"

"Na ce ko an fasa."

"Wa zai nome mini gona in an fasa? Talata kuwa ta shiga cikin golmo. Ranar da ka ƙi zuwa asibiti, ka ƙi aikina ke nan."

Japhet ya ce to.

"Kuma ka dubi hanya. Rami ne wancan, shi kam na gaske ne."